Madubai da Rijiyoyi: Tafiyata Zuwa Kudancin Maroko

Sana'ata haɗa wutar sola ce. Shekara tara ke nan ina hawa rufin gidaje da shaguna a Kano ina ɗaura faranti, ina jan waya, ina haɗa batir da inbata. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aikin da ya fi yawa a hannuna ya koma gona, domin manoman rani na Kura da Garun Malam da Bunkure, musamman waɗanda gonakinsu suka yi nisa da kanal, sun gaji da sayen mai a jarka, kowa yana son famfon da rana za ta juya masa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne na farko da na haɗa wa irin wannan famfo a fadamarsa. Da Allah ya hore masa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas, sai ya nemi in raka shi saboda ɗan Larabcin da na samu a Islamiyya. Ni kuma na roƙe shi alfarma guda, cewa idan mun gama ziyara mu gangara kudu in ga tashar hasken rana ta Warzazat da idona, ya ce ba komai, tafiya mabuɗin ilimi.

Mun bar Kano a farkon watan Mayun 2025, bayan biza ta fito kuma hukumar Masen, wadda ke kula da irin waɗannan tashoshi a Maroko, ta amsa wasiƙata ta ba ni ranar shiga. Hanyar Zariya da Kaduna zuwa Abuja ta cinye mana yini guda tsakanin wuraren da ake gyara da shingayen jami'an tsaro. Jirgi ya kai mu Kasablanka cikin sa'a huɗu da wani abu, muka canza kuɗi a kan kusan naira 170 kowane dirhami, muka sauka ƙasan filin jirgin inda tashar jirgin ƙasa take, kafin magariba muna Fas.

Kwana uku muka yi a Fas, kuma na ziyara ne, ba zan tsawaita a kansu ba. A zawiyar Shehu, wanda ya rasu a 1815, mun tarar da 'yan'uwa daga Senegal da Nijar da Gana, har muka yi wazifa kusa da wani dattijo Bahaushe daga Kumasi. Kawu ya yi kuka a wurin, na kau da kaina na bar shi da Ubangijinsa. Abin da ya shafi sana'ata a garin shi ne abin da ban ji ba: kwana uku ban ji ƙarar janareto ba ko sau ɗaya. A daren farko na jona wayata da fitilata da ƙaramin batirin aljihu gaba ɗaya, kamar yadda muka saba yi kafin a ɗauke wuta, mai masaukin ya tambaye ni ko da asuba za mu tafi. Da na yi masa bayanin abin da ya same mu a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu, sai ya yi shiru, sannan ya ce a ƙauyensu ma da aci-balbal ya yi karatu. Gaskiya ya faɗa. A tsakiyar shekarun 1990 kashi 18 cikin 100 ne kawai na ƙauyukan Maroko ke da lantarki, gwamnati ta kafa shiri na musamman, aka riƙa binsu ƙauye-ƙauye da turaku, inda turaku ba za su kai ba a ba gida farantin sola, har aka wuce kashi 99.

Daga Fas zuwa Marrakesh jirgin ƙasa ya ɗauke mu kusan sa'a bakwai a kan ɗan sama da dirhami 200 kowannenmu. Mun sauka a wani ƙaramin masauki cikin tsohon gari, ɗaki mai gado biyu dirhami 250, muka yi sallah a masallacin Kutubiyya mai shekara fiye da 800, wanda aka sa wa farantan sola da ƙananan ƙwayaye masu tsimin wuta gab da babban taron sauyin yanayi da aka yi a garin a 2016. A kasuwa na sayi dabino, mai shagon ya zuba mini a jakar takarda, ya ce an haramta ledar zuba kaya tun watan Yulin 2016. Na ga leda a hannun wasu masu kayan miya a lungu, don haka ba zan ce dokar ta kama kowa ba, sai dai magudanan ruwansu ba su toshe da ita kamar Jakara ba. Kawu kuwa tukunyar gas ce ta ɗauke masa hankali: mai kilo 12 dirhami 50, kusan rabin abin da muke biya a Kano a lokacin, domin gwamnati na biyan ragowar. Ko mai shayin gefen hanya da gas yake dafawa. Ya ce da haka abin yake a wajenmu, da motocin itace da gawayi ba su riƙa shigowa Kano dare da rana daga dazuzzuka ba.

Motar Warzazat babbar bas ce, dirhami 100, tafiyar kilomita kusan 200 da ke cin sa'a huɗu saboda duwatsun Atlas. Hanyar tana hawa tana lanƙwasa har mashigar Tishka mai tsayin mita 2,260, kunnena ya toshe, sanyi ya sa Kawu ya yafa rawaninsa a kafaɗa alhali a watan Mayu muke. A gefen duwatsu mun ga ƙauyuka na jar ƙasa, wasu gidajen sababbi fil, wasu a tsattsage, saura daga girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 da ta kashe mutum kusan 3,000. Sau biyu jandarmomi suka tsayar da mu. Sun duba takardun direba, a shinge na biyu ɗaya ya shigo ya karɓi fasfo ɗinmu ya buɗe ya mayar, ya ce mana marhaban, mota ta wuce. Da muka tsallake duwatsun sai ƙasa ta sauya gaba ɗaya, kore ya ƙare, aka shiga fili mai tsakuwa ja wanda ya tuna mini hanyar Agadas. Muna saura tafiya mai nisa na hango wani abu a sama ta gabas yana ƙyalli fari, kamar an rataye tauraro da rana tsaka. Yaron da ke kusa da ni ya nuna shi ya faɗi sunan tashar, ya ce, "Nur."

Washegari da safe tasi ta kai mu ƙofar tashar, kilomita goma daga gari. Aka karɓi fasfo, aka duba sunayenmu, aka haɗa mu da wasu ɗalibai, aka hau da mu wani bene na baƙi inda ake hango filin duka. Na daɗe ina ganin hoton wurin a waya, amma hoto bai gaya mini girmansa ba. Hekta 3,000 ne, madubai a jere layi-layi har inda ido ya gaza, kuma ba irin farantan da nake ɗaurawa ba ne. Farantina yana mayar da haske lantarki kai tsaye. Waɗannan madubai ne masu lanƙwasa kamar an tsaga ganga biyu, tsayinsu ya kai bene mai hawa uku, suna juyawa a hankali suna bin rana daga gabas zuwa yamma, suna tattara zafinta a kan wani bututu da ke tsakiyarsu. A cikin bututun akwai wani mai na musamman da yake zafi har kusan digiri 400, ya je ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin, injin ya ba da wuta. Kashi na farko, Nur 1, Sarki Muhammad na Shida ya buɗe shi a watan Fabrairun 2016, yana ba da megawat 160 da madubai kusan rabin miliyan. Nur 2 yana ba da 200. Nur 3 shi ne tauraron da na hango: hasumiya mai tsayi fiye da mita 240, kewaye da ita manyan madubai 7,400, kowanne yana harba haskensa a kan ƙoƙuwarta, har ba a iya kallonta da ido tsirara. Nur 4 ne kaɗai irin nawa, farantai na megawat 72. Jimilla kusan 580. Na yi lissafi a raina cewa tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe mana a 2023 megawat 10 ce, kuma duk wutar da ake raba wa Nijeriya a rana mai kyau ba ta cika wuce 5,000 ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne tankunan gishiri. Duk mai sana'ata ya san cewa ciwon sola dare ne, kuma batir shi ne abin da ya fi tsada ya fi saurin mutuwa. A nan zafi suke ajiyewa. Da rana ana ƙara zafafa wani narkakken gishiri na musamman a tara shi da zafinsa a manyan tankuna, idan rana ta faɗi a jawo zafin a ci gaba da tafasa ruwa. Nur 1 yana yin sa'a uku da haka bayan magariba, Nur 2 da Nur 3 kimanin sa'a bakwai. Na fassara wa Kawu, ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe rufe garwashi da toka suke yi, ɗana, don a samu na hura wutar asuba."

Injiniyan da ya zagaya da mu bai ɓoye wahalhalun abin ba, kuma na girmama shi a kan haka. Hasumiyar da muke kallo ba ta daɗe da dawowa aiki ba, domin tankin gishirinta ya yi yoyo a farkon 2024, aka shafe fiye da shekara ana gyara. Wutar madubai tana da tsada: an ƙulla sayen ta Nur 1 a kan dirhami 1.62 kowane kilowat na sa'a guda, alhali ta farantai ba ta kai sulusin haka ba, saboda farashin faranti ya faɗi warwas a duniya bayan an riga an fara ginin. Kuma har yanzu fiye da rabin lantarkin Maroko daga kwal yake fitowa, duk da burin da suka sa na cewa kafin 2030 kashi 52 cikin 100 na ƙarfin tashoshinsu ya zama na rana da iska da ruwa. Sai Kawu ya taɓa ni ya ce in tambaya masa wa ke share ƙurar waɗannan madubai, domin ya san yadda nake damunsa da goge nasa farantan guda takwas. Aka ce motoci ne masu burushi suke bi da dare suna wankewa. Ya ce, "Da wane ruwan?" Tambayar da ya kamata ni in yi ke nan, manomi ya riga ni. Ruwan daga madatsar Mansur Zahabi ake jawo shi, wadda aka gina a kan kogin Dara'a a farkon shekarun 1970, kuma tashar tana shan fiye da mita kubik miliyan biyu a shekara, mafi yawa wajen sanyaya tururin Nur 1. Shi ya sa da aka zo gina na biyu da na uku aka koma sanyayawa da iska. Da yamma muka je bakin madatsar, muka ga farin zane a jikin duwatsu, can sama da inda ruwan yake, alamar inda yake kaiwa a shekarun baya.

A gidan abincin da muka ci tajin, wato nama da kayan lambu da ake turarawa a kaskon ƙasa mai murfi kamar malfa, dirhami 50 da burodi da shayin na'ana'a, hirar mutane duka a kan layya take. Saura wata guda Babbar Sallah, amma ba kasuwar raguna, domin tun watan Fabrairu sarki ya roƙi jama'a su haƙura da yanka a wannan shekara, bayan fari na shekaru a jere ya rage dabbobin ƙasar da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kawu ya ajiye burodin da ke hannunsa ya yi salati. Wani mutum a teburin kusa, da ya ji daga inda muka fito, ya ce shi ɗan ƙauyen da ke bayan tashar ne, kuma filin kiwon kabilarsu ne aka saya a kan dirhami ɗaya kowace murabba'in mita. Ya ce an yi musu hanya, wasu sun sami aiki lokacin gini, da aka gama ginin aikin ya ragu. Bai yi maganar da ɗaci ba, ni ma ban ga dalilin ƙin yarda da shi ba.

Ban yi niyyar wuce Warzazat ba, Kawu ne ya ce tunda ruwan nan gonaki yake tafiya, shi sai ya ga gonakin. Muka shiga tasin haya ta mutum shida zuwa Zagora, kilomita kusan 160, muka sake hawa wasu duwatsu baƙaƙe muka gangara Agdaz, daga nan hanya ta bi kwarin Dara'a, dabino a hagu kamar kogi kore, hamada a dama. Kogin kansa yashi ne, sai lokacin da aka saki ruwa daga madatsa. Da yawa daga bishiyoyin dabinon gefe sun bushe a tsaye, kawunansu sun zube. Manyan motoci kuwa suna ta wuce mu zuwa arewa, shaƙe da kankana. A shigar garin akwai tsohon allon nan da aka zana raƙumi aka rubuta cewa Tambutu kwana 52, hanyar da fatake suka bi da gishiri da zinariya da jar fatar akuya ta ƙasar Hausa, wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko saboda ta nan take isa gare su.

Wani manomi da muka zauna kujera ɗaya da shi a tasi ya gayyace mu gonarsa, ya ce baƙon da ya fito daga zawiyar Fas ba ya kwana a otal a garinsu. A gidansa muka kwana, aka ba mu kuskus da madarar da aka kaɗa, ya ƙi karɓar ko dirhami. Da safe ya kai mu gona, na tarar da abin da na sani kamar tafin hannuna: farantai a kan ƙarfe, akwatin sarrafawa, famfon cikin rijiya, sai babban tafki da aka shimfiɗa wa baƙar roba, da siraran tiyo masu ɗigo a gindin kowace shuka. Shi da Kawu suka tsuguna a bakin rijiyar, ni ina tsakiya ina fassara, yana kiran Kawu Sidil Hajji, Kawu yana kiransa Malam. Ya ce a zamanin mahaifinsa ruwan kogi ake rabawa da sa'o'i, kowane gida da lokacinsa, dattawa na tsaye a kai, wanda ya wuce sa'arsa a ci shi tara. Da aka koma rijiya da injin gas, kuɗin tukunya ne ke sa mutum ya kashe injin. Da sola ta zo, ba abin da ke sa kowa ya kashe, tun hantsi har la'asar famfo yana zuba, wanda ke noma hekta biyu ya koma goma, kowa ya shuka kankana saboda tana riga ta ko'ina nuna, tana kuɗi a Kasablanka da Turai. Ruwan ƙasa ya yi ta gudu, sau biyu yana ƙara wa rijiyarsa zurfi, rijiyoyin masu dabino da ba su da kuɗin haƙa suka ƙafe. A 2017 mutanen Zagora sun fita zanga-zanga saboda famfunan gidajensu sun daina kawo ruwa. Yanzu hukuma ta taƙaita noman kankana, kada mutum ya wuce hekta ɗaya, kuma ya nuna mana mitar da aka sa a bakin rijiyar tana ƙirga abin da ya ja.

Ina fassara maganar ina jin nauyinta a ƙirjina, domin kalmar da nake tallata famfona da ita a Kura ita ce wadda ya ambata: ba sayen mai, ka bar shi ya yi ta zuba. Na haɗa famfo sun fi 60 a shekara biyu, kuma ban taɓa tambayar mai gona nawa ruwan rijiyarsa ya sauka daga Janairu zuwa Afrilu ba. Na san ƙasarmu ba Zagora ba ce. Muna samun damina ta wata huɗu, fadamunmu suna sake cika, ruwanmu yana kusa. Amma na tuna cewa a bara maƙwabcin Kawu, wanda har yanzu da injin fetur yake ban-ruwa, ya yi ƙorafin cewa tiyonsa ya fara jan iska tun watan Maris, muka ce masa rijiyarsa ce ta tsufa. Har gobe ina ganin famfon sola alheri ne ga manomin da fetur ya durƙusar, kuma zan ci gaba da haɗa shi. Sai dai a bakin rijiyar nan na gane cewa tsadar mai, duk da zafinta, tana yi wa ruwan ƙasa wani gadi da ba wanda ya lura da shi, kuma ni ne nake sallamar mai gadin ba tare da na sa wani a gurbinsa ba.

Komawa ba ta da labari: tasi zuwa Warzazat, bas zuwa Marrakesh, jirgin ƙasa zuwa filin jirgi, kwana goma sha biyu cif muka sauka Abuja. Ban da kuɗin jirgin sama da biza, abin da mu biyu muka kashe bai kai dirhami 6,000 ba. A mota tsakanin Kaduna da Zariya Kawu ya ce idan mun huta in zo masa da farashin tanki da tiyon ɗigo na kadada ɗaya, da abin da zai kashe famfo da kansa idan tankin ya cika, kuma zai yi wa masu gonakin da ke kewaye da shi magana bayan sallar Juma'a.

Kwana uku da dawowarmu na same shi a fadama da sassafe, kafin rana ta tayar da famfo. Ya ɗaura ƙaramin ƙarfe a bakin igiya, muka zare tiyo muka zura ta a rijiyar har muka ji ta taɓa ruwa, muka jawo ya auna da hannunsa. Gaba huɗu da kamu biyu. Na rubuta a sabon littafin da na saya a Kura, da kwanan wata a gefe, muka tsallaka gonar maƙwabcinsa da igiyar.